Ɗan Indiya a Bangon Malam Abdulgani

"…lafiya lau, tsoho. Ya na same ka? Ashe dai ba ka cika ba kafin in dawo."

"Ina zan cika in bar ki? Wa zai kwashe ki da wannan bakin? Ya hanya?"

"Hanya ga ta nan, soja a kowace kwana. Sau uku ana sauke mu daga motar danfo, mu ɗaga hannu sama mu wuce a ƙasa. Ni da ban taɓa yanka ko kaza ba."

"Ai fuskarki suka gani."

Bushra ce da kakanta, Malam Abdulgani, tsohon dillalin fata, a falonsu na Idi-Araba. Tun tana cikin zanen goyo yake ce mata amaryarsa, ita kuwa tun da ta iya magana take ce masa ya sake ta ta huta. Yanzu shekararta goma sha takwas, kuma ba a taɓa ganin ranar da suka gaisa ba tare da an yi ɓarin baki ba. Yau ma sun yi, sai dai kowa ya ji muryoyinsu ya san ƙarfin hali ne kawai.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka kashe Balarabe, uban Bushra, ɗan farin tsohon. An yi ta cewa mulkin soja ya tafi, farar hula ta dawo, kowa zai sha iska. Mutanen Idi-Araba dai abin da suka sha a watan Fabrairun nan hayaƙi ne, kwana huɗu ana sara ana ƙonawa, mako guda bayan bama-baman Ikeja sun gama firgita gari. A cikin wannan falon aka sami Balarabe. Ya tura ubansa ƙarƙashin gado a ƙuryar ɗaki, shi ya tsaya a bakin ƙofa. Bushra kuwa wata Bayarabiya maƙwabciyarsu ce ta cusa ta bayan buhunan garin rogo ta zauna a kai.

Bangon bakin ƙofar shi ne damuwarsu. Bushra ta wanke shi da sabulu har fatar hannunta ta saɓule, ta shafa farar ƙasa sau biyu, amma da ya bushe sai shacin jinin ya sake ɓullowa. Ga kuma saran adda guda uku da suka shiga siminti, daga daidai ƙirjin mutum har kusa da ƙasa. Magina duk sun gudu daga unguwa. Ita kuwa Kalsum, uwar Bushra, tana Agege wurin sunan jaririn ƙanwarta Batulu abin ya faru, kuma abin da aka gaya mata shi ne a hanyar masallaci aka tare mijinta. Ta kafe a kan a ɗakin mijinta za ta yi takaba, yau bayan la'asar Batulu za ta rako ta. In ta ga bangon nan, wata huɗu da kwana goma za ta yi tana kallon inda ya faɗi. Shi ya sa tun da safe tsohon ya aiki Bushra Agege, wurin Nata'ala mai sayar da hotuna, ta sayo masa hoton Shehunsa mafi girma a rufe wurin.

"To miƙo mini Shehu," in ji shi. "Tsaya, tsaya. Kin yi alwala kafin ki taɓa shi?"

"A cikin danfo? Da gumin kwandasta zan yi alwalar?"

"Allah Ya shirye ki. Kawo."

Ya gyara hula, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ya miƙa hannu biyu. Ta ɗora masa doguwar takardar a nannaɗe. Ya sumbace ta, ya shafa a goshi, ya sake sumbata, bakinsa yana motsi. Bushra ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ya warware.

Wani saurayi ne ya bayyana, jar riga a buɗe har cibiya, gashi ya sha mai yana ƙyalli, fure a baki, bayansa wani farin dutse. 'Yan matan Idi-Araba ba su damu da sunansa na Indiya ba, Gashi-ya-kwanta suke ce masa.

"Innalillahi! Wane ne wannan tsirarren?"

"Magajinka. Shi zai aure ni in ka tafi."

"Na sumbace shi! Kina tsaye kina kallo na sumbace shi!"

"Sau biyu. Har da shafawa a goshi. Ni kaina ban taɓa yi masa irin wannan ladabin ba."

"Ba ni ruwa in kurkure baki."

"Wane bakin? Haƙora huɗu ne a ciki, tsoho, tofa yawu ma ya isa."

"Haƙoran nan da kike gani, a hidimar Shehu sauran suka tafi. Shahidai ne."

"Na san labarin, abeg. Shehu ya zo Agege, ya wuce a mota, gilashi a rufe. Ku kuka zube a titi kuna kokawar kwasar ƙasar da tayarsa ta taka, wani mahauci ya sa maka gwiwar hannu a baki."

"Kuma na samu ƙasar."

"Ta motar burodi. Baba ya gaya mini. Motar Shehu ta riga ta kai Ikeja, mai burodi ne ya biyo baya. Shekara ashirin kana jiƙa mana ƙasar motar burodi in muna zazzaɓi."

"Kun warke ko ba ku warke ba?"

"Mun warke, amma da yunwa muke tashi."

Gefen bakin tsohon ya motsa, ya yi sauri ya gimtse. Ya riƙe hoton da yatsa biyu, nesa da jikinsa, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.

"Ke har kina da bakin magana? Ba wannan ba ne ya mutu bara?"

"A fim."

"A fim ɗin. Kika dawo daga gidan kallo ido ya kumbura, kwana biyu ba ki ci tuwo ba. Kika je kika tambayi matar liman wai ko ya halatta a yi wa Ba'indiye sadakar uku."

"Ƙarya ne! Tambaya kawai na yi don ilimi."

"Sati bai zagayo ba sai ga mamacinki a wani kaset, ya tashi ba a busa ƙaho ba, yana rawa a cikin ruwan sama da matar wani. Ko kunyar ƙosan da kika raba bai ji ba."

"Wainar Umma ce ta yi saura na ba yara."

"Wasiƙar fa? Kika zauna kika cika takarda huɗu da Turancin Mushin, kika fesa turare, kika ba Nata'ala ya kai Indiya. Nata'alan da iyakar duniyarsa Oshodi."

"Ya ce akwai wanda yake zuwa."

"Akwai. Mai tsire. A cikinta aka naɗe mini na hanta, na gane turaren."

"Kai fa? Kowace shekara ka zaɓi fatar da ta fi kowace kyau, ka ba wani muƙaddami ya kai wa Shehu. To shebi Shehun ya taɓa aiko maka da ko sannu? Ya san sunanka?"

"Ya san ni a baɗini."

"Nawa ma a baɗini ya san ni."

"Ke! Ki wanke bakinki. Kina haɗa bawan Allah da mai rawa?"

"Ni ban haɗa su ba. Mu na haɗa, ni da kai. Ranar da aka kawo kaset ɗin muryarsa zawiyya, na leƙa ta taga. Kuna ta jijjiga kai, hularka ta faɗi ba ka sani ba, hawaye har gemu. Wallahi sak yadda muke yi a gidan kallo. Har majinar iri ɗaya ce."

"Mu Allah muke ambato. Ku me kuke ambato? Kuna rera abin da ba ku san ma'anarsa ba, wataƙila ma ubanku ake zagi."

"Kai Larabcin ƙasidun nan duka ka sani?"

"Zuciyata ta sani."

"Oya, tawa ma ta san Indiyanci."

"Na shiga uku da wannan mata. Na sake ki, saki ɗaya."

"Cika uku mana, ka ga gudu."

Ya harare ta, ita ma ta harare shi. Can waje aka ji motar soja ta wuce a hankali, sannan shiru ya dawo, irin shirun da ba a san Idi-Araba da shi ba. Ba mai tallar ruwa, ba rediyon mai shayi. Rabin ɗakunan gidan a buɗe suke, masu su sun hau tirela sun yi Arewa.

"Bar wasa," in ji tsohon. "La'asar ta kusa. Na aike ki ki kawo mini wanda in ya shigo ɗakin nan albarkarsa za ta kori abin da ke cikinsa, kin kawo mini wannan. Shehu garkuwa ne, yarinya. Gidan da yake ciki ba ya taɓewa."

Bushra ta ɗaga kai. Can sama da ƙofar ƙuryar ɗaki akwai ƙaramin hoton Shehu a cikin gilashi, wanda masu kwasar kaya ba su kula da shi ba. Sun ɗauki talabijin, sun ɗauki katifa, har tukwane, shi suka bar shi.

"Ai yana ciki," ta ce. "Ga shi can. Yana nan rataye ranar, idonsa a kan ƙofar nan. Me ya yi?"

Tana faɗa ta so ta kamo maganar ta mayar ciki. Wasan jika da kaka yana da faɗi, ana zagin haƙori, ana zagin gemu, ana yi wa juna fatan mutuwa a yi dariya, amma wannan ta wuce gona da iri kuma ta sani. Tsohon bai yi tsawa ba. Da ya yi ma da ta fi jin daɗi. Sai ya ajiye hoton a ƙasa a hankali, ya zuba wa hannayensa ido.

"Na kira shi," ya ce. "Ina ƙarƙashin gadon nan, ƙura a bakina, ina jin komai. Na kira Allah, na kira Manzo, na kira Shehu har muryata ta ƙare. Yaron nan kuwa ko sau ɗaya bai kira ni ba, don kada su san akwai mutum a ciki."

Bai faɗi sunan ba. Ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zai fara yanzu ba.

"Kaka, ka yafe mini."

"Shehu bai taɓa ce mini ba za a mutu ba. Ni ne dai na ɗauka za a bi layi, a fara ta kaina." Ya share fuska da hannun riga. "To naki gwanin fa? Mai dukan mutum arba'in da hannu ɗaya, rigarsa ko yamutsewa ba ta yi. Yana ina ranar?"

"Na jira shi," in ji Bushra, muryarta ta yi ƙasa. "Kada ka yi mini dariya. Ina bayan buhunan nan ina jin ihu, wallahi zuciyata tana ce mini yanzu wani zai fasa ƙofa ya shigo. Kullum a daidai nan ake shigowa. Na yi ta jira."

Ba wanda ya yi wa wani dariya. Tausayin tsohon ya kama ta, haushin kanta ya kama ta, ta rasa inda za ta sa ido in ba bangon ba, bangon kuwa ba ya kalluwa. Shi ne ya fara farfaɗowa, don ya san in suka zauna a haka Kalsum za ta zo ta same su suna kuka a gaban abin da suke son ɓoyewa.

"To tunda naki ya makara, nawa ya yi shiru, sai ki gaya mini dalilin da zan kwana ɗaki ɗaya da mai fure a baki. Nata'ala ba shi da Shehu ne?"

"Yana da shi. Babba, har ya fi wannan, da koren rawani. Na ɗauka, na riƙe, na mayar."

"Don ki ƙona mini rai."

"Wannan riba ce daga baya. Tsoho, dubi wurin da kyau. Ina ne nan?"

"Bakin ƙofa."

"Me ake ajiyewa a bakin ƙofa?"

Ya duba. Silifas ɗinta ne a wurin, da nasa takalmin na roba, da tsintsiya.

"Ina 'yar shekara bakwai na sauke wancan ƙaramin don in goge masa ƙura, na ajiye shi a tabarma minti ɗaya. Ka bi ni da carbi har bakin famfo. Ka ce Shehu ba ya sauka ƙasa da kan mutum, ba a miƙa masa ƙafa, ba a kai shi inda najasa take. Yau kai da kanka za ka sa gemunsa a cikin takalma? A kan jini?"

Malam Abdulgani ya sake duban takalman. Kwana uku yana shirya wannan dabara a ransa, kuma ko sau ɗaya wannan bai faɗo masa ba. Baƙin ciki ya sa ya ga girman takarda kawai, bai ga inda za ta zauna ba.

"Da sai a sa labule," ya ce, don dai kada ya faɗi ƙasa warwas.

"Labule a jikin bango, babu taga? Umma ko ajiye mayafi ba za ta yi ba sai ta ɗaga ta ga me ke baya. Kuma ban gama ba. Me Umma take yi kowace safiya in ta idar da salla?"

"Lazimi."

"Bayan lazimi."

Ya gane inda ta dosa.

"Takan taka kujera ta shafi wancan na sama, ta shafa a fuska, ta shafa mini. Kai ka koya mata tun tana amarya. To ka kawo mata babba, ka sauko mata da shi daidai hannu, tana cikin takaba, ba ta da aikin yi sai kuka da addu'a. Sau nawa za ta shafe shi a yini? Takarda ce fa, Kaka. Tafin hannunta zai faɗa cikin saran nan tun daren farko."

Tsohon ya dubi bangon, ya dubi hannunsa.

"Wannan kuwa," ta taɓa Gashi-ya-kwanta da yatsan ƙafa, "Umma ta tsane shi kamar me. Sau biyu tana yaga mini shi. In ta shigo ta gan shi za ta ja tsaki, ta ce Bushra ba za ta yi hankali ba ko uban nata ya mutu, ta kau da kai. Wata huɗu za ta yi ba ta dubi gefen nan ba, balle ta taɓa."

"Za ta ce ba ki da zuciya."

"Ta ce."

"Mata za su zo gaisuwa su gani, su fita da ke a baki har Mile 12."

"Su fita. Dama ba auren 'ya'yansu zan yi ba, ina da tsohon mijina."

Ya daɗe yana kallonta. Yarinyar da yake yi wa kallon ba ta san komai ba sai waƙar Indiya, ita ce ta tsaya a rumfar Nata'ala ta auna duk wannan, ta zaɓi a zage ta. Abin ya taɓa shi ƙwarai, amma ba a gina wasansu a kan yabo ba.

"In ta sake yagawa fa, mai wayo?"

"Ba za ta yaga ba in kai ka ce a bar shi. Wa ya isa ya yaga abin da surukinsa ya ce a bari?"

"Ni? Ni zan buɗe baki in ce a bar wannan?"

"Ka riga ka sumbace shi, me ya rage?"

"Allah Ya isa tsakanina da Nata'ala. Kawo ƙusa."

Ta ciro ƙananan ƙusoshi daga bakin zanenta. Guduma ta bi masu kwasar kaya, sai dutsen da ake tokare ƙofa da shi. Tsohon ya miƙe da ƙyar ya danne saman takardar da hannu biyu, fuskarsa daf da ta ɗan Indiyan, ya kau da kai gefe.

"Ɗaga hagu. Ka karkatar da shi, tsoho."

"Haka uwarsa ta haife shi. Ke dubi yadda yake kallona."

"Kishi yake. Ya ga wanda ya riga shi."

"Ki gaya masa ni na biya sadaki tun da goro. Kai, a hankali! Yatsana ne nan."

"Au, na ɗauka ƙusa ce, duk kun bushe iri ɗaya."

Ta buga ta huɗu, ta ja da baya ta duba. Hoton ya rufe sama, ya rufe tsakiya, amma daga ƙasan takardar zuwa daɓe akwai kusan kamu guda a fili. Wutsiyar sara mafi tsawo tana nan, da duhun shacin da ya gangara. In an sauko da hoton, na sama zai fito daidai ido. Ta gwada jera takalma, ba su kai ba. Ta jingina tsintsiya, sai ma ta ƙara nuna wurin.

"Bai kai ba," ta ce. "Kaka, bai kai ba. Shi ne mafi girma a irinsa, wallahi na duba duka."

"Dama na gaya miki gajere ne. A fim ne suke ɗora shi a kan akwati."

"Ba wasa nake ba!"

Daga masallacin da ya tsira aka kira la'asar. Kafin ladan ya kai ƙarshe sai ga ƙarar baburan okada biyu a ƙofar gida, ga muryar Batulu tana cewa a riƙe mata jaka, a bi a hankali da mai takaba. Sun zo da wuri, ba su jira bayan salla ba. Bushra ta tsaya da dutse a hannu, ta rasa abin yi.

"Ɗauko mini buzuna," in ji tsohon.

Buzun yana can ƙarƙashin ƙaramin hoton Shehu, inda yake zama tun kafin a haife ta. A nan yake lazimi, a nan yake cin tuwo, a nan yake kwana.

"Me za ka yi?"

"Ɗauko, da matashin. Kwashe takalman nan."

Ta shimfiɗa masa a bakin ƙofa. Ya juya, ya dafa kafaɗarta, ya sauka a hankali har ya zauna, ya jingina bayansa da bango, ya baza babbar rigarsa hagu da dama. Kansa ya zo daidai cibiyar Gashi-ya-kwanta. Ba a ganin komai.

"Duba da kyau. Ta gefe fa?"

"Ba a gani. Amma ba za ka dawwama a nan ba ai. Wata huɗu ne da kwana goma."

"Ina zan je? Kasuwar fata ta ƙone, zawiyya ta watse. Nan zan kwana. In zan zaga, ki jingina buzun da matashin a wurin. Uwarki shekara ashirin ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ba za ta taɓa shimfiɗata ba ko wuta ta kama."

"Iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar nan. Ƙafarka fa?"

"Ƙafar tawa ce ko taki?"

"Lazimi fa? A nan za ka yi? A ƙarƙashinsa?"

"Ya saurara, ko Allah Ya sa ya shiryu."

Bushra ta dube shi, dattijo mai furfura da carbi a hannu, zaune a wurin takalma, Shehunsa yana can ɗaya bangon shi kaɗai. Kuka ya taso mata, ta san in ta bari ya fito an gama, sai ta juya shi.

"Sabon muridi ke nan. An bar tsohon shehu an koma gindin sabo. In kawo maka fure ka sa a baki?"

Dariya ta ƙwace wa tsohon, gajeriya, mai kama da tari, ta farko tun ranar da abin ya faru. Ya goge ido da bayan hannu.

"Kin ci, ja'ira. Na mayar da ke ɗakinki, na janye sakin. Amma ki gaya wa mijin naki ya ɓalla maɓallin rigarsa, akwai mai takaba a gida."

Takun ƙafa ya matso ta soro. Bushra ta cusa dutsen a bayan ƙofa, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Salamu alaikum," in ji Kalsum daga waje, da muryar da ta dishe.

Malam Abdulgani ya ƙara manna bayansa da bango. Ta cikin riga yana jin bakin saran yana cizon ƙashin bayansa, daidai inda ɗansa ya zame ya zauna. Bai gusa ba.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Shigo, 'yata. Sannu da hanya."